Gabar da Aka Yi ta Rediyo

Yayyena biyu sun yi shekaru suna gaba, amma da wuya rana ta faɗi ba su yi magana da juna ba. In na faɗa wa jikokina haka sai su dube ni kamar tsufa ya fara taɓa min kai. Bai taɓa ba tukuna. Su ne ba su san Jidda ta wancan zamani ba, lokacin da filin jirgi yake Kandara, a tsakiyar mutane, in ka hau saman gidanmu a Bani Malik har tayar jirgi kana gani tana fitowa.

Yaya Abdulghani, babbanmu, a burji yake aiki, wato hasumiyar da ake ba jirage izinin sauka da tashi. Yaya Usuman kuwa matuƙi ne, yana jan ɗan ƙaramin jirgin wani attajiri, yau Ɗa'ifa, gobe Yanbu. Babanmu da ƙafa ya zo ƙasar nan daga Haɗeja, saboda haka ba ƙaramin ji da su yake yi ba. Abdulghani ya samo masa wata rediyo mai kama maganar burji. Baba ba ya jin Turanci ko na sayen ruwa, amma da ya ji muryoyin nan biyu sai ya ɗaga wa baƙinsa hannu a yi shiru, 'ya'yansa suna aiki. Na yi kewar yammacin nan ƙwarai, da ƙamshin shayi da ƙarar rediyon, har yau ina yi.

Abin ya lalace ne a shekarar da aikin hajji ya faɗo cikin sanyi. Baba ya jima yana jinya, ranar kuwa jikin ya rikice tun hantsi, ba sunan da yake kira sai Usuman. A ranar ne kuma hadari ya rufe Jidda, irin wanda mukan shekara ba mu gani ba. Na ratsa ruwa na je kantin maƙwabcinmu na buga wa Abdulghani waya, na ce Baba yana neman Usuman, kuma ban ga alamar zai kai la'asar ba.

Usuman yana sama a lokacin, yana dawowa daga Yanbu cikin gajimare. Ya sha gaya mana cewa in matuƙi ya shiga gajimare idonsa ya tashi aiki, jikinsa ma ƙarya yake yi masa, sai ya ji kamar a miƙe yake tafiya alhali ya karkace. Abin da ya rage masa shi ne allurorin na'urorin da ke gabansa da muryar mutumin burji. In jirage suka yi yawa sai a jera su hawa-hawa, kowa yana zagaye a nasa tsayin, na ƙasa ya sauka, na samansa ya gangaro ya maye gurbinsa. Ranar jiragen alhazai sun taru, wasu daga nesa suke, mansu ya ja baya. Abdulghani ya ɗora ƙaninsa can ƙololuwa, a ƙarshen layi, kuma bai ce masa uffan game da Baba ba.

Muna jin su a rediyon da ke gefen gadon. Wannan ya faɗi lamba, wancan ya maimaita. Baba ya cika suna cikin haka. Abdulghani bai bar kujerarsa ba sai da jirgin Usuman ya taɓa ƙasa, don haka dukkansu biyu gawa suka tarar.

A wurin zaman makoki Usuman ya ji labarin wayata. Ya ce da an sa shi gaba da ya riski Baba da rai. Abdulghani ya ce layi layi ne, akwai ɗaruruwan rayuka a sama, kuma ba a gaya wa mutumin da ba ya ganin gabansa cewa ubansa na mutuwa. Kowannensu yana da gaskiyarsa, abin da ya sa maganar ta ƙi mutuwa ke nan. Usuman ya miƙe ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Ni da kai sai a sama."

Haka kuwa aka yi. In ɗaya ya shigo gaida Inna, ɗayan ya tuna yana da uzuri a Bab Makka. Ranar sallah sai su yi ta aiko matansu su leƙa ko hanya ta yi kyau. Amma a rediyo ga ladabi ga gaisuwa, barka da asuba, na gode, a sauka lafiya. Da limamin unguwa ya tuna musu cewa gaba ba ta halatta fiye da kwana uku, Abdulghani ya ce masa ai ko da safen nan sun gaisa. Liman ya ce zai duba littafi. Inna ta gaji rediyon, kullum da yamma sai ta sa in hau mata da ita sama, domin nan ne kaɗai take jin 'ya'yanta suna amsa wa juna. Ni kuma yau da gobe ta sa na fara tsintar Turancin, nake fassara mata.

Ana nan aka yi wa Abdulghani canjin aiki zuwa Zahran, can ɗaya gefen ƙasar, inda jirgin Usuman ba ya zuwa. Inna ta daina cin abinci sosai. Ta ce in yaron nan ya tafi a haka, to an rabu ke nan, ko gaisuwar rediyon ma ta ƙare. Ta kira kowannensu ta yi kuka, kowa ya sunkuyar da kai ya ce ɗan'uwansa ya fara.

Ranar aikin Abdulghani ta ƙarshe muna saman gida da la'asar. Gari garau, har teku ana hangowa, filin ma ba cunkoso. Sai ga muryar Usuman, yana dawowa daga Ɗa'ifa shi kaɗai. Maimakon ya miƙo ya sauka kamar yadda ake yi in ana gani, sai ya nemi a sauke shi ta hanyar allura, doguwar hanyar nan ta ranar hadari, wai yana son ya gwada hannunsa. Abdulghani ya ba shi. Ya kai shi can kan teku, ya juyo da shi, yana rage masa tsayi kaɗan-kaɗan, Usuman yana maimaita duk abin da aka ce. Da ya zo dab da titin sauka sai ya ce bai gamsu ba, zai sake zagayowa. Ya ƙara wuta ya tashi. Suka sake daga farko, ya sake fasawa.

Inna ta tambaye ni ko jirgin ya lalace ne. Na ce lafiyarsa ƙalau, gwaji yake yi. Ta ce gwajin taurin kai dai, irin na ubansu.

A zagaye na gaba Usuman ya ce wannan karon sauka zai yi, man jirgin ya kusa kaiwa inda doka ta ce a sauka. Muryarsa ta yi ƙasa. Abdulghani ya ba shi izini, ya gaya masa inda iska take. Muka ga jirgin ya sauko, ya sauko, saura kaɗan taya ta taɓa, sai muka ji Abdulghani ya ce ya tashi ya sake zagayowa. Na miƙe na leƙa titin. Ba jirgi, ba mota, ko kare babu. Mutumin da bai taɓa karkata doka ba ko don ubansa, yau ya kori jirgi daga titin da ba kowa. Usuman ya amsa, jirgin ya ɗaga. Ban iya fassara wa Inna ba, kuka ya ci ƙarfina, ita ma ba ta nema ba.

Bayan magariba Abdulghani ya zo sallama da Inna, aka ajiye masa shinkafa a tsakar gida. Ya kai loma ke nan Usuman ya yi sallama, ko kayan aiki bai cire ba. Ba wanda ya tuna da uzuri. Usuman ya tsaya a kansa ya ce, "Yaya, titin fa ba kowa."

Abdulghani bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani, ya akhi, ɗan'uwana." Ya matsa gefe, ya turo masa kwanon wanke hannu.