Kukan Ƙofar Sito

A gidan su Auta an tashi da doka guda wadda ko baƙo ya sani: ba a sa wa ƙofar sito mai. Kowace ƙofa a gidan tana shan mai, ban da wannan. In aka tura ta sai ta fara da gurnani can ƙasa, ta ja shi a hankali, ta ƙare da wani siririn kuka kamar na tsohuwar da aka taka wa ƙafa.

Baban Auta mai ɗaukar sauti ne a zamanin da fim bai da kala. Lokacin da aka yi wani fim na gidan fatalwa, mai dogon bene da labulen da ke motsi ba iska, sai ya ɗora kukan ƙofar sitonsu a kan ƙofar gidan. Mutane suka riƙa ficewa daga silima suna barin takalma. Daga nan duk wanda zai yi fim ɗin gidan fatalwa sai ya kwafi wannan kuka, na baya ya kwafa daga na gabansa, har sautin ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki. Auta tana ƙarama Baba kan ɗora ta a cinya in ana nuna irin waɗannan finafinai, ya ce, "Kasa kunne, 'yar baba. Ga ƙofarmu nan ta sake samun aiki."

Baba ya rasu, Auta ta yi karatu ta gaji sana'arsa. Ita kaɗai ce mace a ɗakin haɗa sauti, kuma ta sha "kawo mana shayi" kafin a yarda ta taɓa na'ura. Ba ta taɓa kawo shayin ba. Da aka ba ta fim ɗinta na farko, shi ma na gidan fatalwa, sai darakta ya ce ta ɗauko kukan ƙofa a kwamfuta.

"Wannan jikan jikan ƙofarmu ne," in ji ta. "Ni kakar zan kawo maka."

Ya yi dariya ya ce ta je, amma ba zai jira ta ba in aka zo rufe aiki. Ga shi kuma titi zai bi ta kan gidansu, an riga an shafa jan fenti a katanga, Mama na ta ɗaure kaya za ta koma gidan Yaya, babban wan Auta.

Auta ta iso da hantsi, ta kafa makirfo a gaban sito, ta sa abin ji a kunne, ta tura ƙyauren.

Shiru. Ƙofar ta buɗe sumul kamar ta asibiti.

"Mama! Wa ya taɓa ƙofar nan?"

Yaya ya leƙo daga ɗaki da kwali a hannu, fuskarsa cike da jin daɗin abin kirkin da ya yi. "Ni ne. Muna ta fitar da kaya tana cika mana kunne, na ɗan ɗiga mata baƙin mai. Kin ji yadda ta yi lafiya?"

"Lafiya? Yaya, ka kashe ta!"

"Ke, ƙofa ce fa, ba goggonki ba."

"Ta fi goggona suna a duniya."

Mama, wadda ke naɗe tabarma, ta ce, "Ku bar goggonku ta huta. Ni dai shekara da shekaru ƙofar nan tana tada mini jarirai, da ku da babanku ba wanda ya taɓa ce mini sannu."

Auta ba ta yi kuka ba, don ba za ta ba Yaya abin ba da labari ba. Ta naɗe hannun riga, ta wanke ƙarafan ƙyauren da kananzir, ta bi da sabulu, ta shafa ruwan gishiri ko tsatsa za ta dawo. Kullum da safe ta kafa makirfo ta tura. Da farko ba komai. Daga baya ƙofar ta fara wani ɗan tsuwwa kamar ɓera. Yaya in ya wuce sai ya ce, "Likita, yaya mai jiki?" Ita kuwa ta ce, "Da sauƙi, tunda wanda ya ba ta guba bai dawo ba."

Darakta ya yi ta kira. Ta tura masa tsuwwar, ya ce ko kyanwa ba za ta razana ba. Ta gwada turawa a hankali, ta gwada da ƙarfi, ta ja daga ciki, ta rataya jaka a mariƙi. Gidan kuwa sai ƙara zama fayau yake yi. An cire hoton Baba, ya bar farin gurbi a bango. Kujerar da yake ɗora ta a cinya ta tafi a bayan mota, ƙafafunta a sama.

Ranar da za a kwashe sauran kaya, Auta ta zauna a daɓen tsakar gida tana naɗe waya. Makirfo kaɗai ya rage a tsaye, abin ji na rataye a wuyanta. Mama ta fito da ƙatuwar tukunya a hannu biyu za ta zuba tarkacen da ya rage a sito. Hannunta ba sarari, sai ta juya ta dafa ƙyauren da ƙugu, ta jingina nauyinta a kai, ta tura da baya.

Ƙofar ta yi gurnani can ƙasa, ta ja shi, ta ƙare da siririn kukan nan.

Auta ta saki wayar da take naɗewa. Har Yaya ya tsaya cak da kwali a ka.

"Mama, kar ki motsa. Ta yaya kika yi?" in ji Auta.

"Me na yi? Shiga na yi."

"Da ƙugu kika tura!"

"To da me zan tura? Tunda aka kawo ni gidan nan na taɓa zuwa sito hannu sake? In ba tukunya ba, ɗayanku ne a kafaɗa." Ta ajiye tukunyar tana haki. "Ranar da babanku ya ɗauki abin nasa ma haka ya sa ni shiga da fita, ina da cikin wannan mai man, har ƙafata ta kumbura."

Yaya ya fashe da dariya. "Ashe fatalwar da ta kori mutane daga silima Mama ce ta je ɗebo albasa!"

"Ungo naka," in ji Mama, tana ware masa yatsu, ita ma tana dariya.

Auta ta mayar da abin ji kunnenta. Ta miƙa wa Mama tukunyar. "Don Allah ki sake, sau ɗaya."

"Haka shi ma ya ce, sau ɗaya."

Ta sake, ta kuma sakewa. Auta ta rufe ido tana saurare. A bayan kukan ƙofar tana jin numfashin Mama da ɗan jan silifas ɗinta, waɗanda Baba ya yanke a nasa. Ita ta bar su a ciki.

Da ta tura wa darakta, ya kira yana tambaya, "Wannan jan ƙafar fa na wane ne? Har na waiwaya bayana."

"Na mai ƙofar ne," in ji Auta. "Kuma sunanta zai fito a ƙarshen fim, sama da nawa."

Mama ta jiyo daga cikin sito ta ce, "A rubuta da manyan baƙi, idona ba ya gani sosai."