Ƙwayar Inna Ta Safe

Ƙwaya ɗaya tak likita ya ce Inna ta riƙa sha kowace safiya saboda hawan jini. Ni ina aure nesa, don haka 'yan'uwana maza biyu suka ɗauki nauyin: Yaya, direban bas, da Auta, mai gyaran wayoyi. Duk wanda ya riga leƙowa sai ya ba ta, ya buga wa ɗayan waya ya ce, "Ta sha." Shekara uku ba a taɓa kuskure ba.

Sai zaɓe ya zo. Yaya ya manna hoton ɗan takararsa a bayan bas, Auta ya rataya tutar 'yan adawa a ƙofar shago. Tun ana zolaya har aka daina dariya. Yaya ya koma kiran Auta "waɗancan," kamar ba nono ɗaya suka sha ba. Auta ya ce duk mai bin jam'iyyar Yaya ɓarawo ne, abokansa suka zuga shi, ya toshe lambar yayansa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don 'yan takarar nan ko sunan layinmu ba su sani ba.

Kowannensu ya yanke cewa mutanen wancan ɓangaren ba su da amana, balle su tuna da maganin tsohuwa. Yaya ya riƙa zuwa ƙarfe bakwai ya ba ta ƙwaya. Auta ya sayo nasa kwalin, ya zo ƙarfe tara ya ba ta wata. Kwana tara a haka, Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo.

A asibiti na same su, ɗaya a wannan ƙarshen benci, ɗaya a wancan. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa sosai, ya tambaya wa ke ba ta magani.

"Ni," suka amsa a tare.

Yaya ya juyo wajena. "Kin gani ko? Halinsu ke nan, ba su iya komai ba sai ɓarna."

"Ku da kuka..." Auta ya fara.

Na daka musu tsawa su duka, ban duba babba ba ban duba ƙarami ba. Na shiga ɗaki na tarar da Inna kwance, ɗinki huɗu a goshi.

"Haba Inna, me ya hana ki ce kin riga kin sha?"

Ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"'Yar nan, in na ƙi na ɗaya, cewa zai yi na koma ɓangaren ɗan'uwansa. Sai ya daina zuwa."