Kabad ɗin Safinatu

Ranar da Arzika maɗori ya ɗaure cinyar Maniru da karare, doka guda ya kafa: kada a kuskura a ɗaga shi daga inda yake kwance, ko gobara ce ta tashi sai an fara kiransa. To mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi zuwa fadamar albasarsa ta Danchadi ba, ga shi nan a shimfiɗe kamar buhun gero, ba abin da yake yi sai kallon azara. Ya san wadda gara ta ci, ya san wadda ta karkace. Har ƙadangaren da ke leƙowa ta taga ya fara jin haushinsa, don shi yana da ikon fita.

Daga suna suke dawowa a Shagari, shi da matarsa Safinatu a kan babur, saniya ta faɗo musu titi. Shi dai aka kwaso shi zuwa gida Bodinga. Ita kuwa ta fuska ta faɗi, muƙamuƙinta ya karye, aka wuce da ita asibiti a Sakkwato. An naɗe mata kai da bandeji, ba ta iya furta komai. Ƙanwarta Rukayya ce ke jinyarta.

Kiran waya bai tsinana masa komai ba. Rukayya za ta kara mata wayar a kunne, ya yi ta magana, abin da yake ji kawai numfashi da ƙarar fankar asibiti. Shin tana jinsa? Tana fushi? Tana kuka? Oho. Sai dai ya gan ta da ido, kuma a nan gizo ke saƙar. Ɗakinsa ginin ƙasa ne na mahaifinsa, kaurin bangon ya kai tsawon hannu, sabis ɗin waya da ƙyar yake shigo da murya, balle hoto.

Ba wai gidan ba shi da wayfai ba ne. Akwai. Lukman, ƙanen Safinatu da ke aiki a Kaduna, ya aiko musu da rauta, na'urar da ke ba da wayfai, fara sol mai ƙaho biyu. Satin farko akuya ta ture ta daga kan kujera, tun daga nan Safinatu ta ce kyautar ɗan'uwanta ba za ta wulaƙanta ba. Ta buɗe kabad ɗinta na jere, ta gyara mata wuri a tsakiyar tukwanen silba da manyan kwanuka, ta zaro wayar wuta ta wata 'yar ƙofa a baya zuwa batirin sola, ta kulle, ta ɗaure mabuɗin a haɓar zaninta. Daga ranar wayfai ya zama ɗan ɗaki. Duk mai son sabis sai ya je ƙofar Safinatu ya tsaya kamar mai jiran sadaka. Safiyar da za su tafi Shagari ma a kan haka suka yi 'yar tsama, har Maniru ya ce wata rana sai ya fasa kabad ɗin nan ya huta. Ita kuwa ta ƙara wa mabuɗin ƙulli.

Yau da hantsi Rukayya ta kira.

"Yaya Maniru, sun ce bayan azahar za su shiga da ita tiyata. Ta ƙi natsuwa, sai nuna waya takai da hannu. Kai taka son gani."

Ya danna kiran bidiyo. Zobe ya yi ta juyawa a fuskar wayar. Can sai ga wani farin abu, rabin bandeji da gefen ido ɗaya, ya daskare a haka, sannan ya ɓace. Ya ɗaga wayar sama har kafaɗarsa ta sage. Ya miƙa ta wajen taga, ya miƙa ta wajen ƙofa. Ya ɗan yunƙura, cinyar ta amsa masa da wani zugi da ya sa shi salati. Tsoro ya kama shi, tsoron da bai ji ba ko lokacin da ya ga saniyar a gabansa. Idan ta shiga ba ta fito ba, kalmarsa ta ƙarshe da ta gani a bakinsa ita ce ta fasa kabad.

Ya kira Lukman, ya buɗe muryar wayar don mahaifiyarsa Inna Dije ta ji, tana zaune a bakin ƙofa tana tsince wake.

"Yaya, ai tun tuni nic ce ma Anti ta hidda ta," in ji Lukman. "Ƙarhe da ginin ƙasa su aka gudu. Kun sa ta cikin tukwane, kun ruhe, ga bango awa ganuwa. A ɓalle kwaɗon, a hito da ita tsakar gida, a rataye ta bisa, nesa da randa. Yanzu-yanzu za ka ga sabis."

Maniru ya dubi mahaifiyarsa. "Inna, ɗauko taɓarya."

Inna Dije ba ta ko ɗago kai ba. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. "Kai wanga, mi kac ce?"

"Kwaɗo na ɗai, Inna. In ta dawo sai in saya mata wani."

"Ba a gidanga ba." Ta ajiye faifan. "Yaushe aka ɓalle ma mace kabad? Sai ranar da anka zo rabon gado. Da idona nig ga an yi ma na uwata haka, kwanukanta bisa tabarma ana ƙilga. Ɗiyar mutane tana da rai, za ta shiga hannun likita, ni in sa taɓarya ga kayanta? Bakinka ya yi mata sau guda, hannuna ba ya cika mai."

Duk wanda ya san Inna Dije ya san idan ta ce a'a, ko liman sai dai ya yi addu'a ya tafi. Maniru ya yi lallashi, ya kawo hujja, ya ce camfi ne, har ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi mata ba. Ta bar shi ya gama. Ga shi ranar kasuwa ce, mazan unguwa duk sun watse, ko maƙwabcinsa Nuhu da zai iya aikawa a ɓoye yana can wajen awon gero. Ya juya fuska ga bango, hawaye na bin gefen kunnensa. Abin takaicin, wannan bangon da yake kallo shi ne ya raba ɗakinsa da na Safinatu, kuma kabad ɗin a jingine yake da shi ta ɗaya ɓangaren. Da zai iya zura hannu ta cikin ƙasar, da ya taɓa rautar.

Inna Dije ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Sannan ta ce, "Wancan yaro na waya, ya ce ƙarhe da mi?"

"Da ginin ƙasa."

"Bayan kabad ɗin fa, ƙarhe na?"

"Falanki na."

Ta tashi ta fita. Ya ji ta zaro kara daga danga, ya ji ta shiga ɗakin Safinatu da sallama, duk da ta san ba kowa ciki. Ta auna daga kusurwa zuwa daidai inda rautar take leƙe ta bayan gilashi, ta auna daga ƙasa zuwa sama, ta karya karan a wurin. Ta dawo ɗakinsa ta maimaita awon, ta zana alama da gawayi ɗan sama da kafaɗarsa. Sai ta sake fita, ta dawo da buta da guntun dagin marigayi mijinta.

"Kabad nata na," ta ce. "Bango kau ubanka yag gina shi. In ka huda, naka ka huda."

Ta tokare bayansa da filo da tsummokara har ya ɗan kishingiɗa, ƙafar na nan inda Arzika ya bar ta. Tana zuba ruwa a kan alamar, yana sara. Magina na dā ba su san ha'inci ba, ƙasar ta yi tauri kamar dutse, ga ramno, ciyawar da ake kwaɓa ƙasa da ita, yana riƙe bakin dagin. Kowane sara sai ya ji shi a cikin ƙashin cinyarsa. Gumi ya haɗu da jar ƙasa ya rufe masa fuska. Da hannunsa ya mutu, tsohuwar ta karɓa ta durƙusa tana ƙwaƙula, tana mita ƙasa-ƙasa cewa da ya ji maganar matarsa ya daina gudu da babur da duk ba a zo nan ba. Ya karɓi dagin ya ci gaba.

Ladan ya kira azahar ramin bai ɓulle ba. Wayar ta yi ƙara, Rukayya ce, ta ce an kawo gadon da ake tura marasa lafiya a kai. Maniru ya ce ta roƙe su don Allah su ɗan dakata. Ta ce za ta gwada, amma ba ita ke da asibitin ba.

Daga can ciki suka ji tukwane sun yi ƙara, alamar dagin ya kusa.

"A hankali!" in ji Inna Dije. "Ka hwasa mata kwano guda, ni da kai na."

Ya ajiye dagin, ya zura hannu har kafaɗa yana yaƙushin sauran ƙasar da farce. Ƙasar ta rufta. Yatsunsa suka taɓa katako mai sanyi. Da ya zaro hannun ya kara ido, sai ga wani ɗan koren haske yana ƙiftawa ta ƙofar da wayar wuta ta fito.

Ya ɗora wayarsa a bakin ramin. Sandunan wayfai suka hau ɗaya bayan ɗaya. Ya danna kira.

Wannan karon hoton ya fito tar. Tana kwance a kan gadon mai taya a wani dogon baranda, kanta duk bandeji, idanu biyu kawai a waje, sun kumbura. Ta zuba masa su. Ta dubi jar ƙasar da ke fuskarsa da gemunsa, ta dubi ramin da ke gefen kansa, girarta ta ɗaga. Ko ba baki ya gane tambayar, shekarunsu tare ba kaɗan ba ne.

Tun hantsi yake shirya kalaman neman gafara, masu tsawo, har da aya. Duk suka gudu.

"Ba mu buɗe ba," ya ce. "Wallahi ba mu taɓa ba. Kayanki na nan yadda kib bar su, suna jiran ki."

Idanunta suka cika. Ta ɗago hannun dama a hankali, ta buɗe tafin. Mabuɗin ne, ɗaure da tsinken haɓar zani.

"Tun sahe nika hwama da ita ta ba da shi," in ji Rukayya daga gefe tana share hanci. "Sun ce ba a shiga da ƙarhe. Ta ƙi."

Safinatu ta ƙara kallon mijinta, sannan ta miƙa wa ƙanwarta mabuɗin, ta nuna kanta da yatsa, ta nuna ƙofar da za a shiga da ita, ta juyo da yatsan waje. Ajiya ce ta ba ta, za ta fito ta karɓa. Aka tura gadon. Rukayya ta bi su da wayar har ƙofar ta rufe.

Maniru ya kifa wayar a ƙirjinsa. Ƙafar na zugi, azara na nan inda take, ba inda za shi. Inna Dije ta ɗauko tsintsiya ta fara tattara ƙasar da ta zube a kan tabarma.

"Inna, in Nuhu ya dawo, a ce mai shi kwaɓa ƙasa a liƙe?"

"Ba mai liƙe shi," ta ce, ba ta juyo ba. "A bar shi hakanan. Mai ɗakin ta zo ta gani da idonta, ta yi muna hwaɗa."