Autan Ɗaliban Malam Gong

Dou Yaoting ya yi wa mamaci ƙarya, kuma babu ƙaryar da ta kai wannan arha, domin mamaci ba ya tashi ya ce ba haka aka yi ba. Da hannunsa ya rubuta cewa shi ne autan ɗaliban marigayi Malam Gong. Ya kai takardar gaban Meng Shulan, sakatariyar ƙungiyar masu maganin allura da sassaƙe ta gundumar, ya ce ta buga mata hatimi.

Duk shekara huɗu, kafin zaɓe, ana sabunta allon da ke bangon ofishin ƙungiyar. Kowane shugaba da kowane mai neman kujera, ga hotonsa, ga inda ya koyi aiki, ga hannun wanda ya rene shi. A ƙarƙashin kowanne akwai jan hatimin sakatariya. Marasa lafiya kan tsaya su karanta allon nan kafin su zaɓi wanda za su kwanta wa ya soka musu allura a gadon baya.

Shulan ta haddace allon. Tsoho Pang Deshan, shugaba mai barin gado, ya yi shekara goma sha ɗaya a hannun Malam Gong, uku daga ciki daka sassaƙe kawai yake yi. Likita Lei, mataimakiya, tana da digiri biyu daga birnin Chengdu. Tuo maɗori ne, a soja ya koyi haɗa ƙashi. Nata tarihin layi biyu ne rak: likitar ƙauye, horon wata shida, shekara arba'in tana aiki. Da tana jin kunyar gajartarsa. Da girma ya zo, ta daina.

Na Dou layi goma sha huɗu ne. Shekara biyu ke nan da ya zo garin ya buɗe ɗakin magani, kuma yanzu kujerar Pang yake nema. Wanda ya hau kujerar shi ke riƙe akwatin alluran Malam Gong. Dou ya ce a Chengdu Malam ya karɓe shi, a shekaru huɗun ƙarshe da tsohon ya yi a gidan 'yarsa. 'Yar ta bi mijinta ƙasar waje tuntuni. Shaidarsa hoto ɗaya ce, yana tsaye a bayan kujerar Malam. Shulan ma tana da irin hoton, haka ma mai wankin ƙafa na bakin gada, domin kowa yana ɗaukar hoto da Malam.

Shekara goma sha tara tana riƙe da hatimin, ba ta taɓa buga shi a kan abin da ba ta tabbatar ba. In ta buga yanzu, ta sa sunanta a kan abin da ba ta sani ba. In ta ƙi babu hujja, za a ce mai layi biyu tana hassadar mai sha huɗu, a karɓe hatimin a ba wani. Ta saka takardar a aljihun tebur, ta tafi gidan shayi na bakin kogi inda kwamiti ke zama ranar Laraba.

Ta tarar da su a kan kujerun gora, Tuo yana ɓare gyaɗa, Pang yana hura shayinsa.

"Ga mai hatimi nan," in ji Tuo. "Yaya Meng, an ce kin ɗaure takardar mutum kamar akuyar da ta ci gonar wani."

"Ba ɗaure ta na yi ba, jiƙa ta na yi. Kai da ka saba da karya ƙashi ka sake ɗorawa, me ka sani game da haƙuri?"

"Sau ɗaya ne fa! Kuma mutumin yana tafiya."

"Yana tafiya, amma kewaye yake yi."

Likita Lei ta ƙware da shayi don dariya. Pang ya ajiye kofinsa da hannu biyu, domin na dama ya fara rawa, kuma shi ya sa zai sauka daga kujerar.

"Shulan, ki buga wa yaron nan," ya ce. "Mu biyar Malam ya karɓa, huɗu sun tafi. Kin san daɗin da na ji da na samu ƙane a tsufana? Kuma hannunsa yana da kyau. Na ga yadda ya kwance wa matar mai taliya wuyanta."

"Hannunsa yana da kyau, Yaya Pang. Ba hannunsa aka ce in buga wa hatimi ba."

Suna cikin haka Dou ya shigo, da farar riga mai guga da kwalin wainar shinkafa a hannu. Ya rusuna wa Pang, ya kira shi babban yaya, ya cika wa kowa kofi kafin ya zauna. Mutum ne mai ladabi, wannan ba a ɗauke masa ba.

"Inna Meng, takardata ta samu shiga?"

"Tawadar hatimina ta bushe," ta ce. "Jibi ce ranar sharar kaburbura ta shekara. Mu je mu gaida Malam tukuna, in mun dawo sai in jiƙa ta."

"Daidai ne. Bara ina Chengdu wajen kabarin mahaifina, ban samu zuwa ba. Bana da ni za a yi."

Ba tarko ta ɗana masa ba. Kwana biyu kawai ta saya, ba ta ma san me za ta yi da su ba.

Ranar aka wayi gari da yayyafi, sannan rana ta fito. Gonakin gindin tudu duk sun yi ruwan ɗorawa da fure. Suka hau a hankali saboda gwiwoyin Pang. Tuo ya ɗauko tsintsiya da lauje, Lei ta riƙo turare da takardun da ake ƙona wa mamata, Shulan ta rungumo butar shayi da awara da dafaffiyar gyaɗa. A hanya tana tsinkar ɗanyen tazargade tana cusawa a aljihu, Tuo yana ce mata ko a lahira sai ta yi kiwo. Ta ji daɗin ranar har ta kusa manta takardar.

Suka nome ciyawa, suka share dutsen, suka ƙara ƙasa a kan tudun. Aka kunna turare. Pang ya durƙusa da ƙyar, ya sunkuya sau uku, ya zuba shayi kofi uku a ƙasa.

"Malam, Deshan ne. Hannuna ya gaji, zan ajiye akwati. Ga autanka na kawo maka."

Dou ya matso. Ya durƙusa a cikin laka bai damu da wandonsa ba. Ya buɗe jakarsa ya fito da farar kwalba mai jan ƙyalle a wuya, irin giyar da ake kai wa surukai. Kowa a ƙasar nan yana zuba wa mamatansa giya, Shulan ma ta zuba a kabarin mijinta da sassafe. Ba ta ga wani aibu ba. Dou ya tsiyaya a hankali daga hagu zuwa dama, ƙamshin ya danne na turare.

"Malam, ga irin wadda kake so," ya ce. "Ka tuna yadda nake zuba maka bayan mun sallami marasa lafiya, kana sha kana koya mini sauraron jijiya?"

Lei ta share ido. Shulan ta dubi Pang, sai ta ga fuskarsa ta sauya. Ya dafa dutsen ya miƙe, bai nemi hannun kowa ba.

"Ƙanena, ranar da ka miƙa wa Malam shayin shiga ɗalibta, me ya sa ka faɗa kafin ya karɓi kofin?"

Dou ya ɗago. "Cewa zan girmama shi kamar uba. Kuma ba zan wulaƙanta talaka ba."

"Wannan kowane malami yana sa a faɗa. Na farkon nake tambaya."

Dou ya sunkuyar da kai.

"Tuo," in ji Pang, "shekara nawa kana yi mini tsiya a wajen biki?"

"Talatin. Kullum ka ce cikinka ba ya ɗaukar giya."

"Cikina ƙalau yake, har dutse zai niƙa. Malam yana saurayi ya sha a wajen wani biki, aka kira shi kan wani manomi, allura ta zarce ta taɓa huhu. Mutumin ya rayu, amma bai sake ɗaukar fartanya ba. Daga ranar Malam bai ƙara kai giya bakinsa ba, kuma ba ya karɓar shayin ɗalibi sai ya rantse a kan haka. Ya hana mu faɗa a waje don kada a ce muna nuna mun fi sauran likitoci tsarki. Duk wanda ya durƙusa a gabansa, da wannan ya fara."

Ya juya ga Dou. Babu fushi a muryarsa, kuma hakan ya fi zafi.

"Ka taɓa durƙusa masa?"

Dou ya dubi kwalbar da ke hannunsa. "Sau biyu na je jin karatunsa a zauren asibiti. A na biyun aka ɗauki hoton."

"To a ina ka koyi hannun nan naka?" Shulan ta tambaya.

"Shekara goma sha biyar ina auna sassaƙe a kantin kawuna. Sai makarantar koyon aiki, shekara uku. Ina da takardarta."

"Kai, yaro! Ai wannan ya ninka nawa. Da shi ka kawo, da kafin shayinka ya huce na buga maka."

Gaskiyarta. Abin da yake da shi ya ishe shi, kwaɗayin rigar wani ne ya tuɓe masa tasa. Mutumin da ya raina gumin shekara goma sha takwas har ya je aron kabari, shi ya fara zagin kansa kafin kowa ya zage shi.

Dou ya sauka shi kaɗai. Tuo ya ɗebo sabuwar ƙasa da lauje ya rufe inda giyar ta jiƙa, Pang ya sake zuba shayi a kai.

"Malam, ka yi haƙuri, tsufa ne ya sa na so ƙane."

"Ka samu ƙanwa mai digiri biyu," in ji Tuo, yana nuna Lei da haɓa. "Sai dai ita tana sha."

"Kofi ɗaya, a sabuwar shekara!" in ji Lei. "Shi ma in don akwatin ne, na bari."

Suka shimfiɗa tabarma a gefen kabarin, suka ci awara da gyaɗa, rana tana dukan bayansu. Pang ya ci fiye da kowa, don ya tabbatar wa Tuo lafiyar cikinsa. Shulan ta miƙe ƙafa, tazargade yana ƙamshi a aljihunta, ta ji wuyanta ya saki a karon farko cikin mako guda.

Ranar Laraba ta jiƙa tawadarta. Ta buga wa Lei, ta buga wa Tuo, ta buga a ƙarƙashin layukanta biyu. Aka zaɓi Lei, Pang ya miƙa mata akwatin da hannu biyu.

Kwamiti ya kori Dou Yaoting daga ƙungiyar na shekara biyar. Aka sa shi ya kankare sunan Malam Gong daga allon ƙofar ɗakin maganinsa da hannunsa, ranar kasuwa, aka kuma liƙa dalilin korar a bangon ofis da jan hatimi a ƙasa.