Ƙanƙarar Bahijja da Kwamfutar Nagoda

Sau uku kwamfutar Nagoda tana ɗaukewa ranar Asabar ɗin nan, kuma aikin Mama Suzana na cikinta.

Nagoda shekara ashirin ya yi yana tuƙa gingimari kafin ciwon baya ya sauke shi. Ya buɗe shago a zauren gidansa a Tudun Wada, yana juye tsofaffin kaset na bidiyo zuwa filashi. Mama Suzana kuwa tsohuwar nas ce, ita ta karɓi haihuwar Sumaiya, 'yarsa ta fari. Ta kawo kaset ɗaya tak, na mijinta Malam Edward yana jagorantar mawaƙan coci. Gobe Lahadi yake cika shekara da rasuwa, za a haska wa jama'a bayan addu'a. Kaset ɗin ya ci danshi, ana gama juye shi zaren ya tsinke gida uku. Abin da ya rage na Malam Edward a duniya, mai motsi da murya, yana cikin wannan kwamfuta.

Hoton duk yashi ne, sai an wanke shi. Kwamfutar ta ce awa goma. Mama Suzana za ta zo ƙarfe biyar, mai majigi na jiranta.

Nagoda yana da wata manhaja da ya koya a waya, wadda ake ƙara wa furosesa gudu da ita, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. A wajensa ba wani abu ba ne, buɗe famfon mai ne, yadda suke yi wa mota idan za ta hau tudu da kaya. Ya ja ma'aunin sama. Awa goma ta koma shida. A gefe wata lamba ta yi ja, tana nuna zafi. Bai kula ba. A gingimarinsa ma allurar zafi ba ta taɓa faɗin gaskiya ba, da hannu yake ji. Ya dafa akwatin kwamfutar, ɗumi kawai.

Ta ɗauke. Ya kunna, ta ɗauke. A ta uku har da ƙauri.

Matarsa Bahijja ta leƙo da bokitin ƙanƙara a hannu. Sana'arta ke nan, kuma bazara ce, masu zoɓo da kunun aya tun daga Gyallesu suke zuwa layi.

"Baban Sumaiya, me ke ƙonewa?"

"Ni ne nake ƙonewa. Wuce."

Ba ta wuce ba. Ta dubi akwatin, ta dubi rigar da ta ɗinka wa akwatin, mai leshi a baki, kalar ta talabijin da ta firiza. A gidan Bahijja ko rediyo ba ya zama tsirara. Ta sa hannu ƙarƙashin rigar, ta fizge da sauri tana yarfewa.

"Wai kai da ka yi tuƙi, ka taɓa rufe lagireto da bargo ka hau tudu?"

Nagoda ya buɗe baki zai ce ai ita ta ɗinka. Sai ya tuna wata huɗu yana dafa rigar nan yana cewa ta yi kyau. 

Ya cire rigar, ya kwance murfin akwatin, ya kunna da bismilla. Ta tashi. Aikin na nan. Sai dai lokaci ya tafi, idan ya mayar da gudun yadda yake ba zai gama ba, idan ya bar shi sama zafi zai sake kayar da ita. Fankar shagon kuwa iskar wuta take hurawa.

Bahijja ta jawo bokitinta. Ta juye ƙanƙarar a faranti, ta ajiye bayan fanka, ta karkata fankar ga cikin akwatin.

"Ke, kar ruwa ya taɓa ta!"

"Ka kula da lambarka, Direba, ni zan kula da ruwana."

Ya sassauto ma'aunin kaɗan. Wannan karon ya zuba wa lambar ido kamar mai gadin tukunya. Ta bar ja, ta koma ruwan ɗorawa, ta tsaya. Duk farantin da ya narke sai Bahijja ta kawo wani. Masu saye suna sallama a ƙofa, yana jin ta tana cewa, "Yau babu, ku yi haƙuri." Wata ta ce ai ga ta nan a faranti. Bahijja ta ce wannan ta mara lafiya ce.

Biyar saura kwata aikin ya kammala. Mama Suzana ta zauna a kan benci, Malam Edward ya fito tas a allon kwamfutar cikin farar riga, yana ɗaga hannu, yana harara wani da ya saki layi. Ta yi dariya, ta share ido da bakin gyale.

"Haka yake, wallahi. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

"Mama, ba ni ba ne. Ga mai aikin can, Maman Sumaiya."

Da ta tafi, Nagoda ya mayar da gudun kwamfutar inda kamfani ya sa shi. Ya shiga cikin gida, ya tarar da Bahijja tana goge firiza, wayam, ko ta shan ruwansu babu. Shi ba mutum ne mai iya magana ba. Ya tsaya ya ce, "Maman Sumaiya, na gode. Allah ya saka."

"Rigar fa?"

"A ba rediyo, ya samu ta canji."

Ƙanƙara sittin da biyu ta narke a ranar, a tsakiyar bazara, kuma biyu daga masu zoɓonta suka koma saye a Kwangila, ba su dawo ba har yau.