Buta Mai Kama da ta Gogo

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba sai wannan. Karantawa kawai na iya, kuma ko a aji aka ce in tashi in yi magana, muryata rawa take yi. Inda kuka ga na yi tuntuɓe, ku tsallake.

Sunana Zibuyile. A Umlazi muke zaune, ni da Mama da kakata, Gogo MaShezi. Ɗakinmu ɗaya da Gogo, shi ya sa na riga kowa gane cewa kanta ya fara sakin abubuwa. Wata safiyar takan tashi ta ja ɗankwali har kan gira, ta yafa tawul a kafaɗa irin na makoti, wato sabuwar amarya a gidan miji, ta raɗa mini, "Tashi, kada surukata ta riga mu farkawa." Surukar nan ta rasu tun ba a haifi Mama ba. Sai Gogo ta shiga kicin ta cika tsohuwar butarta ta ƙarfe fal, ta ɗora a rishon lantarki. A wajenmu makoti ba ta dafa ruwan kofi ɗaya. Na gida duka take dafawa, har da na baƙon da bai zo ba. Daga nan sai ta manta da butar. Ni ce mai bin bayanta ina kashewa. Mama tun da duhu take fita aiki, ba ta gani.

Mitar wuta ce ta kusa tona mu, saboda yawan dafa ruwan Gogo. Kafin mako ya zagayo ta kunna jan idonta tana ƙit-ƙit a bango, alamar wuta ta kusa ƙarewa. Wanda yake saya mana wuta kuwa kawuna ne, Malume Mzwakhe, yayan Mama, kuma shi nake tsoro. Lokacin da maƙwabciyarmu MaCele ta bar tukunya ta ƙone, 'ya'yanta suka kai ta gidan tsofaffi, da kunnena na ji ya ce wa Mama game da Gogo, "Ranar da na ga alamar haka a wajen Ma, a ranar zan ɗauke ta. Ba zan jira gobara ba." Na taɓa raka matan coci duba MaCele. Mun same ta tana kallon bango, sanye da rigar sanyin da ba tata ba.

Malume ya ce rishon ne ke shanye wutar, butar lantarki za a saya. Ranar Asabar ya tafi da ni kanti.

"Farfesa," ya ce, haka yake kirana saboda tabarau da littafi, "yau za mu ga amfanin takardun nan da kike ci. Zaɓa mana mai tsimin wuta."

Matar kantin ta jera mana su. Ta ce a nemi mai kashe kanta da zarar ruwa ya tafasa, kuma a riƙa zuba iya abin da za a sha. Ta ɗago wata ta ƙarfe mai bango biyu, ta ce wannan tana riƙe zafi, ba sai an yi ta maimaita dafawa ba. Mariƙinta a sama, bakinta a lanƙwashe, cikinta zagaye. Sak butar Gogo. Na karɓa na juya gindinta: baƙar roba. Idan Gogo ta ɗora wannan a rishon, narkewa za ta yi.

Na nuna wata ta gilashi mai haska shuɗin haske idan an kunna. Wannan Gogo ba za ta taɓa ɗaukarta buta ba.

"Wannan?" in ji Malume. "Shayi za mu dafa ko disko za mu buɗe?"

"Malume, ana ganin ruwan a ciki, ba za a cika ta fiye da..."

"Ke da kofi ba ya kwana lafiya a hannunki zan ba gilashi? Mai kanti, kawo ta ƙarfen, 'yar'uwa. Ma za ta fi sonta, irin tata ce sak."

Abin da nake tsoro ke nan, kuma shi ne abin da ba zan iya faɗa ba. Muna komawa gida ya jefa tsohuwar butar a bayan motarsa don kada wani ya ƙara taɓa ta. Ya gwada wa Gogo yadda ake ɗora sabuwar a mazauninta a danna. Ta gyaɗa kai, ta yi godiya, ranar garau take. Da yamma na zare wayar rishon daga soket na cusa ta bayan kabad.

Washegari bayan coci Mama ta zaro wayar ta dafa kaza da shinkafa, ta bar ta a jone. Muka ci a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro. Littafi na kan cinyata a buɗe, amma ko layi ɗaya bai shiga kaina ba, idona na kan kujerar Gogo. Sai Malume ya ce, "Farfesa, ruga shagon kan kwana ki kawo lemo mai sanyi." Na tafi da gudu, littafin a hammata, na dawo da gudu na dire lemon. Mama da Malume suna gardamar ƙwallo. Kujerar Gogo ba kowa.

Tun daga ƙofar baya warin ya tarbe ni. Gogo na tsaye gaban rishon, ɗankwali har gira, tawul a kafaɗa, hannuwanta harɗe cikin ladabi. Sabuwar butar na kan ƙarfen rishon da ya yi ja zur, baƙin hayaƙi na fita ta ƙarƙashi, robar na ɗiga kamar kwalta.

"Yi a hankali," ta raɗa mini. "Baba yana waje, bai sha shayi ba."

Surukinta take nufi. Na fizge wayar, na zare tawul ɗin daga kafaɗarta, na zaunar da ita a kujerar kusurwa, na kama butar da tawul ɗin. Ɗankwalin ne ban samu gyarawa ba. Takun Malume ya riga ya cika baranda.

"Me ke ƙonewa?" in ji shi.

Ina tsaye, buta a hannu, littafi a hammata.

"Ni ce, Malume. Karatu nake yi, na ɗauka tsohuwar ce."

Ya dubi butar, ya dubi littafin. Mitar na ta ƙit-ƙit a bango. Sai ya fashe da dariya har da riƙe ƙofa.

"Lungile!" ya ƙwala wa Mama kira. "Zo ki ga Farfesarki ta dafa mana roba! Sabuwa fil, ko kwalinta ba a yar ba!" Ya share hawaye. "Gobe ki kai ta ku ɗauko fitilar diskon nan, ko ita za ta tsira daga masu ilimi."

Yana rufe baki ke nan Gogo ta yi magana, kanta a sunkuye, da siririyar muryar yarinya.

"Baba, a gafarce ni, shayin ya makara."

Surukinta take gani a wurinsa. Amma a wajenmu uwa takan kira babban ɗanta Baba, don ƙauna da girmamawa, kuma haka Malume ya ji ta.

"Ba komai, Ma," ya ce. "Laifin jikarki ne." Ya fita yana tari yana dariya.

Mama ce ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon ɗankwalin da ya rufe girar Gogo, ta kuma kalli tawul ɗin da ke hannuna. Sai ta durƙusa, ta tura ɗankwalin baya a hankali zuwa inda tsofaffi ke ɗaura shi, ta je ta buɗe taga.

Na ajiye butar a wurin wanke-wanke yadda ba za ta yi ƙara ba. Malume na waje yana ba maƙwabta labari ta kan katanga, Mama na riƙe da hannun Gogo. Na bi gefen kabad, na sulale ta ƙofar baya zuwa bayan tankin ruwa, littafin har yanzu a hammata.