Gayyar Baba Jaji

Huseina ce ta riƙe wuyan jakin, Iya Gaji da wasu mata suka ciccibi Baba Jaji daga kan tabarma suka ɗora shi. Tsohon ya rame har bai kai nauyin damin dawa ba. 'Yarsa Zuwaira na tsaye a bakin zaure da tsohon ciki, tana roƙon a mayar da shi ɗaki, wai mutumin da ko kunu ba ya wuce masa me zai je yi a gona. Shi kuwa ya ce gonarsa ce, kuma bai taɓa jin an yi gayya mai gona yana kwance a gida ba.

Damina ta kankama ke nan aka zo aka kwashe mazan ƙauyen zuwa aikin hanyar mota ta bayan duwatsun Dutse. An tafi da mijin Huseina, an tafi da na Zuwaira, har makaɗin gangar noma ba a bari ba. Geron Baba Jaji ya fito da kyau, amma ciyawa ta tashi ta fi shi tsawo. Mai unguwa ya aiko cewa gonar da ta koma daji za a ba wanda zai iya noma ta, kuma akwai wani mutumin Jahun da ke nema. In gonar ta tafi, Zuwaira ba ta da inda za ta sa hannu ta ci da abin da za ta haifa.

Danga ɗaya ce tsakanin gidan Huseina da nasu. Ita ce ta bi gida gida tana tara mata. Da labari ya kai wa mai unguwa, sai ya yi dariya ya ce yana so ya ga gayyar da babu namiji babu ganga.

Suka jingina tsohon da gindin ɗorawa, suka jera da fartanyoyi. Aikin ya ƙi haɗuwa. Wannan ta wuce gaba, waccan ta tsaya gyara goyo, wata tana sara kamar mai jin tausayin ƙasa. Hantsi ya ɗaga ba su nome wani abin kirki a gonar ba, har wasu sun fara maganar tukunyar da suka bari a murhu. Huseina ta dubi faɗin ciyawar da ke gabansu.

Sai murya ta taso daga gindin ɗorawa, a dishe amma a tsaye.

"Fowad."

Babu wadda ba ta san kalmar ba. Baba Jaji ya yi dako a yaƙin Jamus, ya ɗauki akwatin harsashi a ka har cikin tsaunukan Kamaru. Abin da ya dawo da shi gurguwar ƙafa ce, da tabon bulala a gadon baya, da 'yan kalmomin da sajan Nasara ke korar su da su. Da su yake wa jakinsa magana, da su yake lallashin ƙafar in ta ƙi takawa, mutane suna yi masa dariya. Huseina ta taɓa tambayarsa ta kan danga me suke nufi. Ya ce duk abu ɗaya ne, a ci gaba. Nasara yana da kalmomi da yawa na tura mutum gaba, in ji shi, ta hutawa ce kawai bai samu ya koya ba, don ba a taɓa faɗa musu ita ba.

Yanzu ya jera su kamar kiɗa. In ya ce fowad, fartanyoyi su sauka tare. In ya ce gowan, a ja ƙasa. In ya ce kariyon, a taka gaba. Da farko matan suka fashe da dariya, daga baya dariyar ta koma numfashi, layin ya miƙe.

"Kai tsoho," in ji Iya Gaji, sa'arsa ce tun ƙuruciya, "yau kuma mu ne 'yan dakon naka?"

"Ku ne, Gaji. Sai dai ni ba ni da bulala. Kuma kayan da kuke ɗauka naku ne."

Rana ta take tsaka mai unguwa ya ɓullo ta gefen gonar, hannu a baya. Ya tsaya yana kallo, ya ce wa Huseina su yi a hankali kada rana ta kayar da wata. Ba ta ɗago kai ba.

"Ranka ya daɗe, ɗan matsa. Kana kan kunyata."

Ya matsa. Ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya juya ya tafi.

Bayan azahar muryar ta fara yin ƙasa. Tsakanin kalma da kalma sai Huseina ta ji tsohon yana ambaton Allah, sannan ya koma kan kiɗansa. Saura kusurwar gabas kawai, wadda ta yi iyaka da hanyar rafi, lokacin da ya ce fowad, fartanyoyi suka sauka, aka jira ta biyun ba ta zo ba.

Huseina ce a ƙarshen layi ta wajen ɗorawar. Ta waiga ta ƙasan hammatarta. Kansa ya karkata kan kafaɗa, hannunsa ya zame a buɗe kan tabarma. Ta yi salati a cikin zuciyarta. Ta san in ta yi magana yanzu za a zubar da fartanyoyi a yi kansa, kusurwar ta zauna da ciyawarta, mai unguwa ya sami abin nunawa.

"Gowan," ta ce, da tata muryar.

Iya Gaji ta dube ta, ta dubi gindin ɗorawa. Ta share fuska da bakin zaninta, ta ƙara sunkuyawa.

"Kariyon," in ji tsohuwar.

Haka su biyun suka riƙe layin, ɗaya ta faɗa ɗaya ta karɓa, har fartanyar ƙarshe ta taɓa iyaka. Sai a nan Huseina ta miƙe ta gaya musu.

Suka taho gindin itacen a hankali, ƙafafu duk jar ƙasa. Idanunsa a buɗe suke wajen gonar. Iya Gaji ta durƙusa ta rufe su, Huseina ta cire mayafinta ta lulluɓa masa. Aka tura mace ɗaya ta kira liman da dattawan da suka rage, Huseina ta ce ita za ta gaya wa Zuwaira da bakinta.

Ta bi ta tsakiyar gonar don ta yanke hanya. Ciyawar da suka sare tana kwance a kwarin kunyoyi, ta fara yaushi. Geron yana tsaye layi layi har bakin hanyar rafi, iskar la'asar tana kaɗa ganyensa.